Jimlar Ɓoye-Aikau a Ingilishi da Hausa: Tarihin Wani Ƙulli na Nahawu

1. Gabatarwa

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Daga nan kwatanta nahawun Hausa da na Ingilishi ya zama nauyi bisa masu tsara littattafan makaranta da na yaƙi da jahilci. A kwalejojin Tanut da Belbeji, kamar sauran na ƙasa, ɗalibi yana soma Ingilishi tun ajin farko, kuma galibi da Faransanci ake yi masa bayani. Wannan maƙala tana bin tarihin gini guda mai wuyar koyarwa ta wannan hanya, wato jimla irin "the millet must be brought in", ma'ana dole a shigo da geron. Abubuwa 3 ne suka haɗu cikinta: mataimakin aikatau na wajibci ko iyawa, ɓoye mai aikin, da ƴar kalmar da ke bin aikatau, wadda za a kira ɗan rakiya.

2. Ginin a Ingilishi

Tun 1755 Samuel Johnson ya ambata cikin gabatarwar ƙamusunsa cewa aikatau masu ɗan rakiya, irin give over da set off, suna wahalar da baƙi ƙwarai, domin ma'anarsu ba ta fitowa daga ma'anar sassansu. Sunan da aka san su da shi yau, phrasal verb, ya bazu ne daga littafin Logan Pearsall Smith na 1925, sa'an nan Dwight Bolinger ya keɓe musu littafi sukutum a 1971.

Ƙa'idar jeri ba ta sauyawa: mataimaki irin can, must ko should, sai be, sai aikatau cikin siffar abin da aka gama, sai ɗan rakiya. Idan an bayyana mai aiki, ɗan rakiya yana iya zuwa gaban karɓau ko bayansa: "bring in the millet" ko "bring the millet in". Amma da zarar karɓau ya hau gurbin aikau, sai ɗan rakiya ya tsaya bayan aikatau. Aikatau ƙi-karɓau, irin run out mai nufin ƙarewa, ba ya shiga wannan gini. Faransanci yana da on da se waɗanda ke ɓoye mai aiki, amma ba ya da tsarin ɗan rakiya, don haka malami yakan ba ɗalibi kalma guda, kamar rentrer, ya haddace ba tare da ganin abin da in ke yi ba.

3. Yadda aka fara bayyana na Hausa

Nazarin nahawun Hausa a Turai yana da alaƙa da wannan yanki. A watan Janairu 1851 Heinrich Barth, wanda ya koyi Hausa a hanyarsa ta Ayar, ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a Tagelel cikin Damargu, ya nufi Tasawa da Katsina da Kano. A 1855 ya koma Turai tare da Dorugu, wani yaro ɗan Dambanas ta ƙasar Kance, kuma daga bakin Dorugu ne J. F. Schön ya ɗebi yawancin Hausar da ya gina nahawunsa na 1862 a kanta.

Schön, da C. H. Robinson a 1897, sun zo da ma'aunin harsunan Turai, suna neman jimlar ɓoye-aikau irin tasu. Sai suka ɗauki an da aka a matsayin ɗafa-goshi mai juya aikatau, har ana rubuta su manne da shi. Amma a cikin "an kama shi" karɓau bai motsa daga gurbinsa ba, kuma an tana zaune daidai inda ya ko sun ke zama. Ashe wakilin suna ce ta mai aikin da ba a fayyace ba.

Gyara mafi girma ya zo a 1960, sa'ad da F. W. Parsons na makarantar SOAS ta Landan ya kasa aikatau na Hausa giredi 7 bisa wasalin ƙarshe da karin sauti. M. K. M. Galadanci ya shigar da tsarin cikin nahawunsa na 1976. Paul Newman a 1983 ya nuna cewa asalin ma'anar giredi na 5 ita ce fitar da aiki daga wajen mai yinsa, Philip Jaggar a 1988 ya yi nazarin giredi na 7, Mahamane L. Abdoulaye na Nijar kuma ya bi diddigin ginin aikatau da da a 1996.

4. Abin da kwatanci ya nuna

Saiwa guda ta isa misali: saya, saye, sayar da, sayo, sayu. Aikin da ɗan rakiya ke yi a bayan aikatau na Ingilishi, wasalin ƙarshe ne ke yin mafi yawansa a Hausa. Giredi na 4 yana nuna ƙarar da abu, kamar up cikin buy up. Na 5 yana nuna rabuwa da abu, kamar off cikin sell off. Na 6 yana jawo aiki wajen mai magana. Saboda haka "the well must be cleaned out" ita ce dole a yashe rijiyar, "the animals should be sold off" kuma ya kamata a sayar da dabbobin. Wajibci yana zuwa da dole, tilas ko ya kamata, wakilin suna a yana ɓoye mai aiki, giredi ya ɗauki aikin ɗan rakiya.

Giredi na 7 yana ɗora karɓau a gurbin aikau: "rijiyar ta ginu". A lokaci mai ci yana haɗa ɓoye mai aiki da ma'anar iyawa cikin kalma ɗaya. Inda Ingilishi ke jera "the debt cannot be paid off", manomin Damargu cewa yake yi bashin ba ya biyuwa. Sai dai gurbin wasalin ƙarshe guda ne, don haka ba a haɗa -u da -o. Idan ana bukatar alkibla tare da iyawa, sai a koma ga ana iya: ana iya shigo da geron.

5. Kammalawa

Koyar da manya karatu da harsunan gida ya soma a Nijar a 1963, taron Bamako na 1966 ya tsara haruffa, makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa ta buɗe a Damagaram a 1973. Ƙoƙarin wancan zamani ya fi karkata ga ƙa'idojin rubutu da ƙirƙirar kalmomi, alhali ginin jimla shi ma yana bukatar tsari. Shawarwari 3 ne suka fito daga wannan tarihi. Na farko, littafin Ingilishi na ɗaliban da ke jin Hausa ya gabatar da ɗan rakiya tare da giredin da ya yi daidai da shi. Na biyu, mai fassara takardun noma da kiwo da lafiya ya guji jimla irin "an gina rijiya daga gwamnati". In ana son ambaton mai aiki, sai a ce gwamnati ta gina rijiya. Na uku, da yake a Damargu Hausa tana zaune tare da Tamajak da Barbarci da Fulatanci, ya kamata a tattara misalan giredi na 7 daga bakin mutanen Tanut da Belbeji kafin a rubuta darussa, domin misalan su zama waɗanda ɗalibi ya saba ji a kasuwa da bakin rijiya.