Ungulu da Kan Zabo

Idan aka sayar maka da jabu a matsayin na ƙwarai, Bahaushe ya ce an yi maka ungulu da kan zabo. Bayanin da aka fi bayarwa kan asalin maganar daga kasuwa ya fito: mayaudari ya fige ungulu, ya yar da kanta, ya haɗa gangar jikin da kan zabo, mai saye ya ga kai ya biya.

Dabarar ta zauna ne a kan abin da kowane maharbi ya sani, cewa tsuntsun da aka fige, kansa ke faɗin sunansa. Zabo da ungulu dukansu masu sanƙo ne, amma zabo yana da ƙaho a ka da jan leɓe a gefen baki. Ungulu kuwa fuskarta jaja-jaja ce, bakinta siriri mai lanƙwasa a ƙarshe, na ci daga mushe. Naman zabo halal ne mai daɗi, na ungulu ko kyauta ba a so. 

Yau maganar ta bar rumfar 'yan kaji. An fi jin ta wajen cinikin waya da fili, sai alkawarin 'yan siyasa, inda ta fi dacewa a ganina.

Abin takaici, yanzu kan ungulun ne ke da kuɗi, don masu tsibbu na sayensa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan ungulu da ake gani a mahauta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.