Yadda Aka Gano Hasken Eksire na Taurarin Nutiron

Tauraron nutiron shi ne abin da ke saura idan babban tauraro ya ƙare makamashinsa ya fashe. Nauyinsa ya fi na rana, amma faɗinsa bai wuce kilomita 20 zuwa 25 ba, kamar daga Bompai zuwa Challawa a Kano da ɗan ɗori. Idan yana zagayawa tare da wani tauraro, sai ya riƙa janyo iskar gas daga jikin abokin nasa. Gas ɗin na juyawa, yana gogayya, har zafinsa ya kai miliyoyin digiri, sai ya fitar da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Wannan haske ba ya isowa doron ƙasa, domin iskar da ta lulluɓe duniya na shanye shi. Saboda haka ilimin bai samu ba sai da aka iya ɗaga na'ura sama da iska. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, wadda ta yi aiki lokacin da John Glenn ya kewaya duniya ranar 20 ga Fabrairu 1962. Aikin tashar na kumbon mutane ne, amma a watan Yuni na wannan shekarar ne wata roka da aka harba daga White Sands a Amurka, ƙarƙashin Riccardo Giacconi da abokan aikinsa, ta fita neman eksire daga wata, ta ci karo da wani abu mai tsananin haske a rukunin taurarin kunama. Aka sa masa suna Sco X-1. A 1967 masanin Tarayyar Sobiyet Iosif Shklovsky ya ce tauraron nutiron ne ke zuƙar gas daga abokinsa, sai dai a lokacin babu hujja a hannu.

A tsakanin nan wani ɗan Najeriya, Samuel Okoye, yana aiki da Antony Hewish a Kambirij, ya gano wata ƙaramar majiyar igiyar rediyo a cikin gajimaren Crab. A 1968 aka tabbatar tauraron nutiron ne. Shi wannan ba shi da abokin zagaye, amma ya nuna cewa irin waɗannan taurari suna nan da gaske. Sunan Okoye, wanda ya koyar a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya cancanci a san shi fiye da yadda aka sani.

Hujjar ta fito daga gaɓar Afirka. Ranar 12 ga Disamba 1970 aka harba tauraron ɗan'adam daga dandamalin San Marco na Italiya, a cikin teku kusa da Malindi a Kenya. Ranar ta dace da bikin 'yancin Kenya, shi ya sa aka kira shi Uhuru, wato 'yanci da harshen Swahili. A 1971 ya nuna cewa wata majiyar eksire mai suna Cen X-3 na walƙiya kowace daƙiƙa 4.8, kuma hasken na ɓacewa ya dawo duk kwana biyu da 'yan sa'o'i. Walƙiyar juyawar tauraron ce, domin maganaɗisunsa na tattara gas a kan ƙuryoyinsa biyu, ɓacewar kuwa shigewarsa ce bayan abokinsa. Wata majiyar kuma, Her X-1, ta nuna haka, da walƙiya kowace daƙiƙa 1.24 da zagayen kwana 1.7. Daga jinkiri da saurin isowar walƙiyar aka samu hanyar auna nauyin taurarin, abin da babu ɗakin gwaji a duniya da zai iya.

Uhuru ya daina aiki a 1973, bayan ya tattara majiyoyi 339. Na'urorin hangen eksire na Chandra da XMM-Newton sun bi sahu a 1999, NICER kuma a 2017 a kan tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Giacconi ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2002.