Burtu, Baka da Sango: Waiwaye a Kan Harbin Manyan Namun Daji a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Daga cikin sana'o'in da kakanninmu suka rayu a kansu, babu wadda ta yi saurin ɓacewa daga idon 'ya'yanmu kamar sana'ar harbi. Yaron da aka haifa a Legas ko Abuja ko Kaduna, in ya zo gida hutu zai ga maƙeri a maƙera, ya ga mahauci a kasuwa, ya ga manomi a gona, amma da wuya ya ga maharbi na gaskiya, balle ya ga gwanki ko ɓauna. Saboda haka na ga ya dace in yi wa 'yan'uwa mazauna birane waiwaye a kan wannan sana'a, musamman a kan abin da ya fi ba da mamaki a cikinta, wato yadda mutum ɗaya tilo, da baka da kibiya, yake matsawa kusa da dabbar da ta fi shi ji, ta fi shi gani, ta fi shi gudu, har ya harbe ta.

Maharbi da mafarauci

Da farko ya kamata a bambanta abubuwa biyu da mutane suke haɗawa. Farauta aikin gayya ce. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan tauri sukan fita da karnuka da sanduna da gatura, ana kiɗa ana kirari, a kewaye daji a tayar da zomo da gada da zabin daji. Harbi kuwa sana'a ce ta gado, ta mutum ɗaya ko biyu, wadda ake yi shiru. Maharbi yakan kwana a daji, wani lokaci ya yi mako bai dawo ba, kuma abin nemansa manyan dabbobi ne: gwanki, kanki, mariya, gwambaza, mazo, barewa, ɓauna, har giwa. Maharba suna da shugabansu, wanda a wasu garuruwa ake kira Sarkin Baka, a wasu kuma Sarkin Dawa, suna kuma da makaɗansu masu kaɗa musu komo, wato babbar garaya.

Matsayin maharbi a tarihinmu ba ƙarami ba ne, domin shi ne yake fara shiga dajin da kowa ke tsoro, ya gano inda ruwa yake, sa'an nan manomi ya biyo bayansa. Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kwatanta Barbushe na Dutsen Dala da cewa ƙaƙƙarfan maharbi ne mai kashe giwa da sandarsa. Tarihin baka na Haɗeja ya ce sunan garin ya samo asali daga wani maharbi mai suna Haɗe da matarsa Jiya. Haka nan a Bauci, ana cewa wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna wa Malam Yakubu wurin da ya kafa birninsa a wajen 1809, aka kuma sa wa garin sunansa. Ko da mai nazari zai yi tababa a kan wasu sassan waɗannan labarai, yawansu ya isa shaida cewa mutanen dauri sun ɗauki maharbi a matsayin mai buɗe ƙasa.

Dalilin matsawa kusa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa maharbi yake sayar da ransa haka, bai tsaya daga nesa ya yi harbinsa ba? Amsar tana cikin makaminsa. Kibiyar ƙasar Hausa gajera ce, marar nauyi. Jikinta kyauro ne, kanta ƙarfe ne mai kunnuwa wanda maƙeri ya ƙera, kuma ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe don ta miƙe a iska. Irin wannan kibiya, in ta yi nisa sai ta karkace, ƙarfinta ya ragu. Saboda haka maharbin da yake son ya samu abin da ya nufa, dole ya rage tazara har ta koma taku ashirin ko talatin, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Abin da yake kashe dabba kuwa dafin da ke kan kibiyar ne. Jigon dafin shi ne 'ya'yan kwankwani, waɗanda ake haɗawa da wasu itatuwa irin su tinya, kuma kowane gidan maharba yana da sirrin haɗinsa da ba ya faɗa wa bare. Binciken zamani ya tabbatar da abin da maharba suka sani tun da daɗewa, cewa dafin kwankwani zuciya yake kamawa idan ya shiga jini. Tun a ƙarni na 19 likitocin Turai suka fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro. Idan dabba ta faɗi, maharbi yakan yanke naman da ke kewaye da raunin ya jefar, sauran kuwa a ci.

Akwai kuma dalili na addini. Malaman Malikiyya sun yi bayanin cewa idan aka harbi dabba da makami mai dafi ta mutu, ba a tabbatar ko raunin ne ya kashe ta ko dafin ba, to ba a cin namanta. Ke nan maharbi Musulmi yana bukatar ya cim ma dabbar da sauran ranta, ya yi bisimilla ya yanka. Wanda ya harba daga nesa, kibiyarsa ta ɗan taɓa fata, zai wuni yana bin sawu, ya tarar da mushe, ko ya tarar kura ta riga shi. Wanda ya harba daga kusa, kibiya ta nutse, shi ne yake zuwa da wuƙarsa a kan lokaci.

Sanɗa, dako da burtu

Hanyoyin matsawa kusa guda uku ne manya. Ta farko ita ce sanɗa. Maharbi yakan fara da sanin inda iska ta dosa, ya ɗebi ƙura ko toka ya sake ya ga inda ta nufa, domin muddin iska ta kai wa dabba warinsa, aikin ranar ya ƙare. Yakan tafi ba takalmi ko da sassauƙan takalmin fata, ya motsa lokacin da dabba ta sunkuya tana kiwo, ya daskare lokacin da ta ɗaga kai. Tazarar da yaro zai ƙetare da gudu cikin ƙiftawar ido, maharbi yakan yi sa'a guda yana cinta.

Ta biyu ita ce dako. Idan rani ya tsananta, ruwa ya ƙafe sai 'yan tafkuna, dabbobi ba su da zaɓi sai sun zo mashaya. Maharbi yakan haƙa rami ya rufe da ganye, ko ya ɗaura itace a kan reshen bishiya, ya zauna tun la'asar. Sauro ya cije shi ba ya mari, tari ya taso masa ya haɗiye. A nan ake gane gaskiyar masu cewa mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ta uku, wadda ta fi kowace nuna hikimar mutanenmu, ita ce burtu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki, wanda yake yawo a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru da ƙananan macizai, sau da yawa a filin da barewa da kanki suke kiwo. Dabbobi sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharba suka sassaƙa itace mai lanƙwasa kamar wuyansa, suka rufe da baƙar fata, suka ɗora masa baki da ƙoƙon kan tsuntsun na gaske. Maharbi yakan ɗaura wannan a goshinsa, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa cikin ciyawa yana rarrafe, yana kaɗa kai sama da ƙasa kamar tsuntsu mai tsinta, bakansa yana jaye a ƙasa. Ba ya miƙewa kai tsaye wurin garken, sai ya yi dama ya yi hagu kamar wanda babu ruwansa da su, har ya shiga tazarar harbi. Kafin mutum ya iya wannan, sai ya shekara yana kallon burtu, ya san takunsa da tsayuwarsa. Ba Hausawa kaɗai suka san wannan dabara ba, Nufawa da wasu maƙwabtanmu ma sun yi ta. A yau kawunan burtu irin waɗannan suna ajiye a gidajen tarihi na Turai da Amurka, alhali a garuruwanmu gara ce take cin ragowarsu a cikin rumbuna.

Ɓauna da giwa

Barewa in ta gane mutum gudu take yi. Ɓauna kuwa lissafinta daban ne. Idan aka raunata ta, takan shige duhun ciyawa ko sarƙaƙiya ta tsaya tana fuskantar sawunta, tana jiran mai bin ta. Daga wannan hali nata Hausa ta samu kalmar kwanton ɓauna, wadda a yau ake ji kullum a labaran rediyo ba tare da an tuna asalinta ba. Maharba da yawa sun gamu da ajalinsu a irin wannan wuri, shi ya sa ba a barin sabon shiga ya bi sawun ɓauna mai rauni shi kaɗai.

Zuwan bindiga bai kawar da bukatar matsawa kusa ba. Bindigar toka, wadda ake kira harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura mata albarushi, harbi ɗaya take yi, kuma kafin a sake ɗurawa dabba ta iso. Sunanta ma ya faɗi halinta. Don harbin giwa sai maharba suka haɗa tsohuwar dabara da sabuwa, suka fito da sango, wato babban ƙarfe mai kaifi wanda aka shafe da dafi, aka kafa a kan sanda, a zura sandar cikin bakin bindiga. Nauyin sango ba ya barinsa ya yi nisa, don haka sai maharbi ya shiga har kusa da giwa, ya auna wuri mai taushi, ya harba, sa'an nan ya nemi hanyar tsira. Daga nan a bi ta har ta faɗi. A ƙarni na 19 haure babbar haja ce. Fataken Hausawa sukan sayo shi daga Adamawa, daga wuraren Banyo da Tibati da Ngaundare, a kawo Kano, a ɗora wa raƙuma zuwa Tarabulus. Daga baya kamfanonin Turawa suka janye cinikin zuwa kogin Binuwai. Wannan ciniki ya arzuta mutane, ya kuma fara rage giwaye tun kafin mulkin mallaka.

Yadda daji ya zama wayam

Ba baka da kibiya ne suka ƙarar da namun dajinmu ba, domin maharbi mai burtu in ya samu dabba ɗaya a mako ya gode Allah. Abubuwa ne da dama suka taru. A farkon shekarun 1890 annobar bushiya ta ratsa Afirka ta Yamma, ta hallaka shanun Fulani, ta haɗa da ɓauna, kuma ta sake dawowa a wajen 1983. Jama'a ta ƙaru: ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum kusan miliyan 56, yanzu kuwa mun haura miliyan 200, kuma kowane baki gona yake bukata. Farin shekarun 1973 da 1984 ya ƙafar da mashaya da yawa. Sa'an nan ga bindiga mai harsashi, ga fitilar goshi da ake dallare idon dabba da ita cikin dare, ga mota. Da waɗannan, wanda bai san sanɗa ba ma zai kashe a dare ɗaya abin da maharbin dauri ba zai kashe a wata guda ba.

Hukuma ta yi nata ƙoƙari. Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985. An keɓe dajin Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991, aka mayar wa Jihar Bauci a 2006. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwayen da suka rage a cikinsa ba su kai 200 ba. A Jamhuriyar Nijar, raƙuman dawan yankin Kure, kusa da Yamai, sun ragu har zuwa 49 a 1996, amma da hukuma da manoman wurin suka haɗa kai, sai suka haura 600. Wannan ya nuna cewa dabba tana dawowa in an ba ta dama.

Su kuwa maharba, jaruntakarsu ba ta mutu ba. A 2014 maharban Adamawa sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, da irin sanin dajin da suka gada. Abin baƙin ciki shi ne, dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku da Kuyambana, waɗanda a da maharbi ya san kowace mashaya a cikinsu, sun koma mafakar 'yan bindiga.

Kammalawa

Ban rubuta wannan don in ce a koma harbin giwa ba. Doka ta hana, hankali ma ya hana, kuma littafin Risala da muka karanta a zaure ya koya mana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce. Abin da nake jin tsoro shi ne ilimin ya bi dabbobin. Tsofaffin maharban da suka rage sun san sunan kowace ciyawa, sun san sawun mazo daga na gada, sun san inda tsofaffin rijiyoyi da kufai suke, kuma babu ɗaya daga cikin wannan da yake a rubuce. A shekarun da na yi ina koyarwa, na ga yadda ɗaliban da suke kawo sunayen namun daji ashirin ba tare da tunani ba suka koma ba sa iya kawo biyar.

Ina roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya zo gida da Salla, ya ware yini guda ya zauna da tsohon maharbin unguwarsu, ya ɗauki muryarsa a wayarsa. Wanda ya tarar da burtu ko kwari ko sango a gidansu, ya adana, kada ya sayar wa dillalai. Wanda Allah ya hore wa, ya kai 'ya'yansa Yankari su ga ɓauna da gwanki da idonsu. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ɗan da bai taɓa ganin gudun uwarsa ba, a ina zai koya? Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.