Daga Malaman Taki Zuwa Agogon Hannu: Wa Ke Ƙirga Mana Taku?

Shirin yau zan fara shi da wani abin kunya da ya same ni.

Kwanaki na je gaisuwa wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Daga bakin titi na hau acaɓa, hanyar duk gargada, muna tafe muna tsalle kamar an ɗora mu a kan raƙumi. Muna isa sai agogon hannuna ya girgiza, wai yana taya ni murna na cika taku dubu goma. Ni kuwa wallahi tun safe in ban da daga mota zuwa babur, ba inda na taka. Washegari na taya ɗan'uwana tura baro cike da masara daga gona zuwa gida, sawu huɗu, gumi har cikin ido. Da na duba, agogon ya ce kusan ban motsa ba.

Wannan ne ya tuna mini da labarin da kakana yake ba mu na malaman taki. Ba takin gona nake nufi ba, taki na ƙafa.

Mu koma baya kaɗan. A ranar 29 ga Janairu 1903 rundunar Turawan Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufo Kano. Garin farko da suka buɗe wa wuta a ƙasar Kano shi ne Bebeji, kuma ranar 3 ga Fabrairu suka shiga birni. Bayan an ci ƙasa, abin da ya fi damun sabon mai mulki shi ne haraji. Sun tarar da kuɗin ƙasa da zakka da kuɗin shuka, amma suna so su san girman gonar kowa a rubuce. Wajen 1909 sai aka fito da tsarin da aka sa wa suna taki, aka fara shi a gundumomin da ke kewaye da birni.

Yadda ake yi ba wuya. Malami zai zo gonarka, ya taka tsawonta yana ƙirgawa, ya taka faɗinta, ya buga lissafi, ya rubuta a littafi. Abin da ya rubuta shi ne harajinka. Kakana ya taso ne a kusa da birni kafin iyayensa su yi ƙaura zuwa ƙasar Kiru neman gona, kuma yakan ce ranar da malamin taki ya zo, ba fuskarsa ake kallo ba, ƙafarsa ake kallo.

Me ya sa? Ku yi lissafin nan tare da ni. A ce gonarka taku 100 ce a tsawo, 100 a faɗi. Ka buga, 10,000 ke nan. To in malam ya ɗan taƙaita takunsa, ya samu 110 da 110, lissafi ya koma 12,100. Gona ba ta ƙaru da ko kunya ɗaya ba, amma harajinka ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. In kuma ya buɗe ƙafa, watakila saboda an kai masa kaza da daddare, gona ta tsuke a takarda. Ga gajiya, ga bambancin dogo da gajere, ga gonakinmu da ba su da kusurwa huɗu daidai. Su kansu Turawan sun yi ta kuka da kurakurai da cin hanci a aikin, har daga baya suka koma awo da sarƙa a gundumomin kusa da birni. Masu bincike irin su Polly Hill da Steven Pierce sun yi rubutu a kan wannan tarihi.

Kun ga ashe ƙirga taku ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Bambancin kawai, yanzu malamin takin mun saye shi da kuɗinmu mun ɗaura a hannu.

To shi wannan yaya yake nasa aikin? A cikin agogon akwai wata 'yar na'ura mai jin motsi. Ba ta ganin ƙafarka. Lilon hannu da girgizar jiki take ji, sai manhajar da ke ciki ta yanke hukunci: wannan ya yi kama da tafiya, wannan bai yi ba. In kana tafiya sosai a miƙe, hannu na lilo, yawancinsu suna kusantar gaskiya. Matsalar tana zuwa ne in kana tafiya a hankali kamar tsoho, ko hannun ya tsaya wuri ɗaya. Mai tura baro, mai dafe tulu ko dami a ka, duk an cuce su a lissafi. Mai daka, mai sussuka, mai wanki, mai acaɓa a kan gargada, su kuma an yi musu gyara. Waɗanda suka tsara manhajar ba su yi tunanin turmi da taɓarya ba.

Ita kanta lambar dubu goman nan da muke bi ido rufe, daga ina ta fito? Daga Japan. Bayan wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, wani kamfani mai suna Yamasa ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965, ya sa mata suna Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne, mai daɗin faɗa, sai ya bi duniya. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta jami'ar Harvard da abokan aikinta suka fitar da bincike a kan mata tsofaffi fiye da 16,000. Suka gano masu yin taku kusan 4,400 a rana ba sa mutuwa da wuri kamar masu yin 2,700, kuma amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Don haka in Inna ba ta cika dubu goma ba, kada a ɗaga mata hankali.

Yanzu mu zo inda abin ya fi tsanani, wato kalori, ma'aunin kuzarin da jiki ya ƙona. Taku aƙalla ana jin motsinsa. Kalori kuwa agogo ba shi da hanyar auna ta kai tsaye. A ɗakin bincike, iskar da mutum yake shaƙa da wadda yake fitarwa ake aunawa. Agogo kuma shekarunka da nauyinka da tsawonka yake ɗauka, ya haɗa da motsi da bugun zuciya, ya yi kintace.

A 2017 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60. A bugun zuciya, shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma a kalori, wadda ta fi kowace iya aiki ta kauce da kashi 27 cikin ɗari, ta ƙarshe kuma da kashi 93. Ma'ana, in ka ƙona 400, gwanar cikinsu ma tana iya ce maka 500, ko ta ce 290. Kuma fa waɗannan na manyan kamfanoni ne, ba irin masu arahar da ba a san ma wa ya ƙera su ba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, ai wasa ne. Ba kullum ba. Ina da kawu mai ciwon suga, likita ya ce ya rage tuwo ya riƙa tattaki. Ɗansa ya sayo masa agogo. Kawu yana dawowa daga gona ya duba ya ga lamba ta yi sama, sai ya ce, "Yau na ƙona da yawa, ku ƙaro malmala." Sai da aka koma asibiti aka ga sugan ya hau. Na ce masa, "Kawu, wannan malamin takin naka buɗe ƙafa yake yi don ya faranta maka." Ya yi dariya, amma ya gane.

Akwai ma wanda ya fi wannan haɗari. Wasu agoguna ana tallarsu da cewa suna auna suga ba tare da an huda fata ba. A Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko ɗaya irinsu ba, kada a dogara da su. Don Allah mai shan magani ko allurar suga, kada ya sauya komai saboda abin da agogo ya nuna.

Ban ce ku jefar da agogunanku ba, nawa ma yana hannuna. Ga yadda nake amfani da shi yanzu. Na farko, na gwada shi: na taka 200 ina ƙirgawa da bakina, na duba nawa ya rubuta. Kowa ya gwada nasa, a hankali sau ɗaya, da sauri sau ɗaya. Na biyu, ina kwatanta yau da jiya, wannan mako da wancan, domin ko mudu bai cika ba, in da shi kake awo kullum za ka san ranar da hatsi ya ragu. Na uku, in zan hau babur ko zan yi aikin hannu, na san lambar ranar ba abin yarda ba ce. Lambar kalori kuwa kallonta kawai nake, ba na cin abinci da ita.

Kakanninmu ba su da ikon musa abin da malamin taki ya rubuta, sai dai su biya. Mu muna da wannan ikon, sai mu yi amfani da shi.

Nan za mu dakata. Allah ya ƙara mana lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.