Timidria da shari'ar Hadijatu

Ga tarihin wata ƙungiya ta ƙasarmu.

A 1991 aka kafa Timidria. Da harshen Tamashek, sunan yana nufin zumunci. Aikinta yaƙi da bauta. Ta buɗe rassa a jihohi, ta kuma ƙulla abota da wata tsohuwar ƙungiya ta Ingila, Anti-Slavery International. Tare suka matsa, har a 2003 aka kafa dokar hukunta mai bautar da mutum.

Amma doka tana Yamai, bayi suna ƙauye.

Ku dubi Hadijatu Mani. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jikka 240 ga wani mai gida a yankin Ƙonni, ta zama wahaya. A 2005 ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ai matarsa ce. Da ta auri wanda take so, sai aka kai ta gidan kaso, wai ta yi aure kan aure. Ku ji fa!

Nan abota ta yi rana. Ƴan Timidria sun san ƙasa da mutanenta, abokansu na Ingila sun san dokokin duniya. Suka kai ƙara kotun CEDEAO, alƙalanta suka zo Yamai suka zauna. Ran 27 ga Oktoba 2008 suka ce gwamnati ba ta kare Hadijatu ba, sai ta biya ta miliyan 10 na sefa. Gwamnati ta biya.