Daga Shelar Mai Unguwa Zuwa 'Yan Kwana-Kwana: Tarihin Gargaɗi Kan Gobara a Ƙasar Bauchi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin hanyoyin da mutanen birnin Bauchi da gundumar Zungur suka bi wajen gargaɗin juna game da gobara, tun daga zamanin ganuwa har zuwa kafuwar hukumar kashe gobara. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ilmin rigakafin gobara ya girmi motar kwana-kwana a wannan ƙasa, amma irin wutar da aka gina ilmin a kanta ta sauya, alhali kalmomin gargaɗin suna nan yadda aka gaje su.

2.0 Gargaɗi a Gargajiyance

Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya kafa birnin wajen shekarar 1809, daga baya aka kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran da Ƙofar Jahun. A cikin birni masu hali kan yi soro, wanda wuta ba ta saurin ci. Talakawa kuwa, da mutanen ƙauyuka irin na Zungur, jinka da zana da dangar kara su ne gininsu. Saboda haka da zarar hunturu ya kama, ciyawa ta bushe, iska ta taso, garwashi ɗaya ya isa ya tashi unguwa.

Al'umma ta tanadi kariya hawa uku. Na farko shi ne sarauta: umurni kan fito daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, mai shela kuma ya bi lungu yana tunatar da mata su kashe wutar murhu kafin a kwanta. Na biyu shi ne malamai, waɗanda ke karantar da hadisin da ya zo a Sahihul Buhari mai umurni da kashe fitila lokacin barci, domin ɓera kan ja lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Na uku shi ne harshe kansa. Bahaushe ya ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya kuma ce gobara daga kogi, maganinta sai Allah. Idan aka duba karin maganan nan biyu za a ga tushensu ɗaya ne, wato ruwa shi ne maganin wuta. In an yi kururuwar gobara, kowa kan fito da tulu ko ƙwarya, wasu kuma su yaye jinkar maƙwabta don a datse wa wutar hanya.

3.0 Zuwan Hukumar Kashe Gobara

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Shekara guda kafin haka, wato a 1901, aka kafa rundunar kashe gobara ta farko a Ikko, a matsayin wani reshe na 'yan sanda. Sai a 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, birnin ya zama hedikwata, jihar kuma ta sami tata hukumar kamar sauran jihohi.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na ɗaya, aikin ya zo ne daga sama, da kaki da fareti da littattafan horo cikin Ingilishi, ya kuma zauna a manyan garuruwa. Na biyu, jama'a sun san 'yan kwana-kwana a matsayin masu zuwa bayan wuta ta tashi, ba su ɗauke su malamai masu koyarwa ba. Ga mutumin Liman Katagum ko wani ƙauye na Zungur, kafin mota ta taso daga birni ta iso, rumbu ya riga ya zama toka. Ashe ke nan rabon da irin wannan mutum zai samu daga hukumar shi ne ilmi. A Amurka ma, inda motoci suka wadata, tun 1925 gwamnati ke keɓe mako guda a watan Oktoba don wayar da kai, tunawa da gobarar Cikago ta 1871.

4.0 Sabuwar Wuta, Tsohon Harshe

Tsohuwar gobara ba ta ƙare ba, domin a Nuwamba 2021 yara fiye da 20 suka rasu a Maraɗi cikin azuzuwan zana. Amma ta sami ƙanne uku: lantarki da fetur da gas. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a 2002, ta Sabon Garin Kano a 2016, ta Sakkwato da ta Katsina a 2021. A Oktoba 2024 mutane fiye da 150 suka halaka a Majiya ta Jihar Jigawa, yawancinsu wajen kwasar fetur daga tankar da ta faɗi.

A nan ne tsohon darasi ke zama haɗari. Fetur yakan taso saman ruwa, don haka mai watsa masa ruwa shimfiɗa wa wutar hanya yake yi. Yashi ko ƙasa ake zuba masa. Man suya in ya kama, ruwa kan nutse ƙarƙashinsa ya tafasa nan take, ya fantsama shi har rufi. Murfi ake kifa wa tukunyar don a toshe iska. Wutar lantarki kuwa ruwa jagoranta ne zuwa jikin mai watsawa, sai an fara katse ta daga mita. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yakan kwanta a ƙasan ɗaki, saboda haka wanda ya ji warinsa ƙofa da taga zai buɗe, kada ya ƙyasta ashana ko ya taɓa makunni.

Daɗin daɗawa, akwai matsala ta ma'ana wadda ta shafi masana harshe kai tsaye. Kalmar wuta a Hausar yau ta ɗauki harshen wuta da lantarki gaba ɗaya. Idan mai gargaɗi ya ce a kashe wuta kafin a fita, ɗan kasuwar da aka ɗauke wa lantarki da la'asar zai ga ai babu wutar da zai kashe. Sai ya rufe shago ya bar dutsen guga ko abin dafa ruwa a jone, a kawo wuta da tsakar dare, kasuwa ta kama. Gargaɗin da ya dace da shi shi ne ya zare kome daga soket, ko akwai wuta ko babu. Haka nan har yau ba a daidaita sunan jar tukunyar nan ta kashe gobara da ire-irenta ba, balle a bayyana wa jama'a wadda ta dace da mai da wadda ta dace da lantarki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa magabata suna da hanyar isar da saƙo, hukuma kuma tana da ilmin sabuwar wuta, amma ba a ɗaura su aure ba. Hausa ce ke haɗa Gerawa da Jarawa da Fulani a kasuwa da masallaci, kuma wayar da kai ba baƙon abu ba ne a Bauchi, garin da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka raya zauren tattauna al'amurran jama'a a shekarun 1940. Bisa ga haka, ya kamata jami'an kashe gobara su zauna da masana harshe a fitar da taƙaitattun kalmomin gargaɗi marasa harshen damo, a haɗa da lambar neman agaji ta 112, sannan a danƙa su ga masu unguwanni da limamai da shugabannin kasuwa da gidajen rediyo kafin kowane hunturu ya kama.