Duwatsu Goma na Dartmoor

A shekarar 1960 rundunar sojan Birtaniya ta assasa gasar Ten Tors a tsaunukan Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila. A yau, duk watan Mayu, matasa 2,400 kan tashi shida-shida daga sansanin Okehampton, su taka ƙololuwar duwatsu goma cikin kwana biyu, tafiyar mil 35, 45 ko 55. Babu babba tare da su. Taswira, kamfas da junansu ne madogararsu.

Wannan amana tana da tsada. A 2007 wata yarinya ta nutse a rafi yayin atisaye, mamakon ruwan sama kuma ya katse gasar bayan watanni biyu. Duk da haka al'adar ta ɗore, domin yaron da ba a taɓa sakar wa linzami ba, ba zai san nauyin ɗan'uwansa ba.